Yadda Ake Kare Ma'aikata Daga Radiyeshan Ɗin Cikin Ƙasa a Wuraren Kuza, Kwal da Mai

Babu ƙasar da ba ta ɗauke da burɓushin yuraniyom da toriyom, ma'adinai masu fitar da radiyeshan, tun ran da Allah ya halicce ta. Dutse yana da shi, yashin gini ma haka. A matsakaicin lissafi na duniya, kowane mutum yana samun radiyeshan kimanin milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshan ɗin da jiki ya sha) a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, ko da bai taɓa leƙa wata ma'aikata ba. Wannan bai kai a tayar da hankali ba. Matsala takan fara ne idan sana'a ta tattaro abin da ke warwatse ta jibge shi wuri guda: a wanke kuza a bar ragowar yashi tsibi-tsibi, a ƙona kwal a bar toka, a zuƙo mai ya taho da ruwan gishiri mai ɗauke da radiyom. Masana na kiran irin waɗannan kaya da gajeren suna NORM.

Mu a Bauchi da Gombe duka ukun suna ƙofar gidanmu. Ana haƙar kuza da kolambait a Toro da Ningi, akwai kwal a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko, ga kuma rijiyoyin Kolmani a kan iyakar jihohin biyu, inda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai a Nuwamban 2022. Jami'in kiyaye lafiyar ma'aikata a nan ya san hular kwano da tukunyar kashe gobara, amma da wuya ka ga radiyeshan a takardarsa, don ba ya wari, ba ya zafi, kuma cutarsa sai bayan shekaru take bayyana. In kai ne jami'in, ga yadda za ka tunkare shi.

Mataki na farko: bi sawun kayan

Kafin ka taɓa wata na'ura, zaga wurin aikin da ƙafa, daga inda ɗanyen kaya ke shigowa har inda shara ke fita. Abin da kake nema shi ne duk gurbin da ake tacewa, ko ƙonawa, ko ake barin wani abu ya kwanta.

A wurin kuza, ba ita kuzar ce babbar damuwa ba. Ragowar da injin maganaɗisu ke warewa ita ce abin sa wa ido, musamman monazait, yashi mai nauyi, rawaya-rawaya kamar zuma, wanda toriyom ɗin cikinsa kan kai kashi da dama cikin ɗari. Zarkon, wani yashin da ke cikin ragowar, shi ma yana ɗauke da nasa, amma bai kai monazait ba. Da can zubar da su ake yi. Yanzu da suka yi kasuwa, a buhu ake ɗura su a jera a sito, kuma nan ne awo ya fi tashi.

A wurin mai, radiyom yana narkewa cikin ruwan da ke tahowa tare da man. Da zafi da matsi suka canja, sai ya kwanta a cikin bututu da bawul da tankin raba mai da ruwa, ya daskare kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wani kuma ya zauna a lakar ƙasan tanki. Radiyom 226 sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, saboda haka kada wani ya ce maka a bar bututun ya kwana biyu zai huce. A ɓangaren gas kuwa, radon, wata iska da ke fita daga radiyom, shi ke bin gas ɗin, ya bar wani siririn shafi na dalma 210 da poloniyom 210 a bangon cikin famfo da matata.

Kwal ya fi sauƙi. Tokarsa ta ninka ɗanyensa ƙarfi sau da dama, amma galibi ba ta kai mizanin da doka ke shiga ba. Ka auna ta dai, ka fi mai da hankali kan lallausar ƙurar bututun hayaƙi. Haka ma sitonin takin fosfet da matatun ruwan burtsatse, ka sa su a ƙasan jerinka.

Mataki na biyu: nemi na'urar da ta dace

Na'ura biyu kake bukata, don radiyeshan ɗin iri uku ne: gama mai ratsa abu, da alfa da beta da ba sa zuwa nesa. Ɗaya ta auna gama, mai nuna maikrosibat (dubunsa ne milisibat ɗaya) a kowace awa; ɗaya mai faffadan baki da ake kusantarwa jikin abu don ta ji alfa da beta. Dalilin ta biyun shi ne radiyeshan ɗin shafin dalma da poloniyom na cikin kayan gas ba ya ratsa ƙarfe sosai. Kana iya zagaye famfo da na'urar gama ta yi shiru, a buɗe shi gobe makanike ya kankare shi da hannu. Tilas na'urar ta kasance da takardar daidaitawa da ba ta wuce shekara ba. Cibiyar kare kai daga radiyeshan ta ƙasa da ke Jami'ar Ibadan tana wannan aikin. Arha ta kasuwar intanet kuwa, wadda ba wanda ya taɓa gwada ta, ba zan ɗora ran lebura a kanta ba.

Mataki na uku: auna, ka yi lissafi

Fara da wurin da babu kayan, nesa da tsibi da sito, ka rubuta abin da ka gani. Wannan shi ne awon asali, kuma a yawancin wurare yakan tsaya kusa da maikrosibat 0.1 a awa. A ƙasar duwatsun Toro da Ningi kada ka yi mamaki in ya ɗan ɗara haka. Daga nan ka bi gurabun da ka lissafa ɗaya bayan ɗaya, ka auna a jikin abin, sannan a tazarar mita ɗaya, sannan a daidai inda mutum ke tsayawa ko zama. Zana taswirar wurin ko da da biro ne, ka sa lambobin a kai.

Lissafin ba wuya. Iyakar da aka ɗora wa ma'aikacin radiyeshan ita ce milisibat 20 a shekara, a matsakaicin shekara biyar, kuma kada ya wuce 50 a shekara guda. Ga sauran jama'a, milisibat 1 ne a kan abin da suke samu daga halitta. Ana ƙiyasta shekarar aiki da awa 2,000. Ke nan wurin da ya ɗara awon asali da maikrosibat 0.5 a awa zai ba mutum milisibat 1 a shekara, mai maikrosibat 10 kuma zai kai shi 20 cif.

Sai dai awa 2,000 lissafin mai zuwa ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu ne. Leburan da ke aiki kwana shida ko bakwai a mako ya zarce haka nesa. Maigadin da ke shimfiɗa tabarma a jikin buhuna saboda sanyin hunturu ya fi kowa daɗewa a wurin, kuma sunansa ba ya cikin jerin masu taɓa kayan. Tambayi kowa awa nawa yake yi a ina, da bakinka, kada ka dogara da rajistar ofis.

Mataki na huɗu: kai samfur ɗakin gwaji

Na'urar hannu tana gaya maka akwai abu, ba ta gaya maka mene ne ba ko nawa ne. Ɗebi samfur daga wurare daban-daban na tsibin, ka rufe a roba, ka rubuta wuri da kwanan wata. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da kayan irin wannan gwaji. Mizanin hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, shi ne bekarel 1 (ma'aunin ƙarfin radiyeshan ɗin da ke cikin abu) a kowane giram ga dangin yuraniyom da toriyom, bekarel 10 ga fotasiyom 40. In sakamako ya haura haka, magana ta wuce ofishinka. Ta koma hannun hukumar kula da nukiliya ta Nijeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001. Rubuta wa manaja a takarda, ka riƙe kwafi. Zai yiwu ya ce maka a bari tukuna. Amsarka ita ce: "Ranka ya daɗe, gara mu je musu da ƙafarmu da su zo su same mu."

Mataki na biyar: yaƙi da ƙura

In aka ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Mutane suna jin radiyeshan sai hankalinsu ya tafi kan wani haske da ke ratsa jiki daga waje, su fara tambayar rigar dalma. A irin wannan aiki, abin da ya shiga ciki ya fi abin da ke waje haɗari. Alfa ba ta iya ratsa ko da takarda, fatar mutum ma ta tare ta. Amma idan ƙwayar ƙurar monazait ta sauka a huhu, babu fata a can, kuma ba ta narkewa da wuri. Tana nan zaune shekara da shekaru tana dukan nama ɗaya. Daga nan ne haɗarin sankarar huhu ke tasowa.

Saboda haka doka ta farko ita ce a jiƙa. A yayyafa ruwa kafin a kwashe, kafin a share, kafin a kankare bututu. A hana shara da busasshiyar tsintsiya, a hana hure inji da iskar kwamfuresa, a hana shiƙar yashi a iska yadda ake shiƙar hatsi. Inda dole kayan su bushe kafin su shiga injin maganaɗisu, a rufe bakin injin a sa fanka mai zuƙe ƙura ta fitar da ita ta matata. Bututun mai da aka ciro a toshe bakinsa biyu, a shimfiɗa tamfol a ƙasa kafin a buɗe bawul, kada ɓawon ya bushe ya zama gari. Yanka da walda da gurza a kan irin wannan ƙarfe ba a yin su sai da takardar izini daga hannunka.

Takunkumi shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Irin na asibiti da muka saba da shi lokacin korona ba ya wannan aiki, rawani ko ƙyalle balle. Ana bukatar mai matatar P3, mai tare lallausar ƙura, wanda ke kama fuska gam. Nan za ka ci karo da batun gemu, don takunkumi ba ya kama fuska mai gashi, ga shi da yawa daga ma'aikatanmu sun ajiye shi ne don sunna. Kada ka mai da abin rigima. Akwai hula mai batir da ke rufe kai gaba ɗaya tana hura tatacciyar iska. In kamfani ba zai saya ba, a ba mutumin aikin da ba na ƙura ba. Ka kuma tuna zafin Maris da Afrilu a Gombe: ba mai jure takunkumi da tsakar rana, zai sauke shi ne da ka juya baya. A mai da aikin ƙura sassafe.

Sai baki da hannu. Ba ci, ba sha, ba goro, ba sigari a inda kayan suke. Mai shan taba ma haɗarinsa ya ninka sau da dama, don hayaƙi da radon suna taimakon juna wajen ɓata huhu. Sa famfo da sabulu a bakin fita, ka kai rumfar cin abinci da wurin salla can gefen da iska ke fitowa, yadda duk mai zuwa alwala sai ya bi ta wurin wanki. Kayan aiki su kwana a wurin aiki. Wanda ya tafi gida da su, matarsa ce za ta kakkaɓe, yaransa su shaƙa.

Mataki na shida: iska a rami da sito

Radon iska ce da ke fita daga radiyom, ƙarfinta na raguwa da rabi cikin kwana 3.8. A fili ba ta da tasiri, a rufaffen wuri take taruwa: ramin haƙa mai zurfi, tankin da aka daɗe ba a buɗe ba, sito marar taga. Bayan sigari, ita ce ta biyu wajen jawo sankarar huhu a duniya. Ana auna ta da 'yan ƙananan gwangwanaye da ake ratayewa wata biyu ko uku, kuma mizanin IAEA na wurin aiki bekarel 1,000 ne a kowace kubik mita ta iska, wasu ƙasashe ma sun sauko 300. Maganinta iska: a buɗe, a hura, sannan a shiga.

Mataki na bakwai: lokaci da tazara

Nisanta sito daga ofis da ɗakin maigadi, shata layi, kafa allo da Hausa. Taku biyu ko uku baya yana rage awo ƙwarai. Masu aiki kullum a cikin layin a ba su bajon awo su maƙala a ƙirji, a riƙa kai shi karatu a kan kari. Mace mai juna biyu a janye ta daga wurin, don abin da ke cikinta milisibat 1 ne iyakarsa. Yara masu tallar abinci kada su tsallaka layin.

Mataki na takwas: ina sharar ke zuwa

Nan ne aikin jami'ai da yawa ke zubewa, don da kaya sun fita ƙofa sai a ga kamar an rabu da su. Ragowar yashin kuza yana da laushi, kyauta ne ko kusa da haka, magina na son sa. Wanda ya yi bulo ko yaɓe da shi ya kai wa iyalinsa abin da za su kwana da shi dare da rana. Tsohon bututu kuma 'yan gwangwan za su saye, mai walda ya yanka shi ya yi ƙofa ko turken rumfa. Kada ƙarfe ko tifa ɗaya ta fita sai ka auna ka sa hannu. Abin da ya gurɓata a zuba a durom mai murfi, a rubuta abin da ke ciki, a ajiye kan daɓen siminti ƙarƙashin rufi, nesa da rijiya da hanyar ruwan damina, har NNRA ta faɗi yadda za a yi da shi. Ɗan kwangilar da zai wanke tanki ma ka nemi ganin lasisinsa, ka kuma tambaye shi inda zai kai lakar.

Mataki na tara: faɗa wa mutane, ka adana takarda

Tara ma'aikata ka yi musu bayani da harshen da suke ji. Kada ka tsorata su, kada kuma ka ɓoye. Kunna na'urar a gabansu, ka kusantar da ita jikin buhu su ji ƙararta, ka ja baya su ji ta lafa. Wannan ya fi dogon jawabi shiga kai. Sabon lebura a yi masa nasa ran da ya fara.

Sake awo duk shekara, da duk lokacin da aka canja inji ko aka fara karɓar kaya daga sabon rami. Takardun awon kowane ma'aikaci kuwa, ƙa'idar IAEA ta ce a adana su har ya kai shekara 75, kuma kada a zubar kafin shekara 30 da barinsa aikin. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a fayil ɗaya a kwamfuta, ka ba shi nasa a hannu ran da zai bar aiki.