Yadda za ka tattara tarihin kakanka kafin a raba akwatinsa

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gidan kakana a Agege muna karɓar gaisuwa, kuma duk wanda ya zo magana ɗaya yake yi: Allah ya jiƙan Alhaji, mutum ne mai neman na kansa, bai san zaman banza ba. Gaskiya suka faɗa. Amma da daddare wani ƙanena ɗan shekara goma ya tambaye ni sunan jirgin ruwan da Alhaji ya yi aiki a ciki. Na tambayi Baffa, Baffa ya ce a tambayi Goggo, Goggo ta ce ita dai abin da ta sani, yakan yi wata uku ba ya nan, ya dawo da biskit a gwangwani. Mutum ya haifi goma sha ɗaya, jikoki sun haura arba'in, ya yi shekara kusan ashirin a teku da wasu talatin a bayan kanta, amma a cikinmu babu mai iya ba da labarinsa na minti biyar. Abin da na yi daga wannan dare shi zan faɗa maka, har da wuraren da na yi ɓarna.

Ka fara da akwatinsa, kuma ka yi sauri. Kowane tsoho irin wannan yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma ranar rabon gado idon kowa yana kan takardar gida da kuɗi. Sauran takardun sai a ce tarkace ne, a ba yara su kai bola ko a kunna murhu da su. Sai dai ka tuna cewa duk abin da ke ciki kayan magada ne, kai kuwa jika, wataƙila ko allura ba ka da ita a ciki. Ni na je na durƙusa gaban Baffa, wanda shi ne babba, na ce, "Baffa, ina neman izini in ɗauki hoton takardun Alhaji da waya, ba zan fita da ko ɗaya ba." Ya ce in yi a gabansa. Haka ya fi, don kada gobe a nemi wata takarda a rasa a ce kai ne.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa da hantsi, ka ɗauki kowane shafi, gaba da baya, har shafin da kake ganin babu komai. Kada ka kai a liƙe takardar da roba mai zafi irin wadda ake yi wa katin shaida. Ni na yi wa hotonsa guda ɗaya haka, yau ya fara kumbura daga gefe kuma ba ya ɓaruwa. In za ka rubuta suna a bayan hoto, da fensir za ka rubuta, biro yana huda takarda ya fito ta fuskar mutum.

Idan kakanka ɗan jirgi ne, abin da za ka fi nema shi ne ɗan littafin da suke ce wa discaj, ni na sa masa littafin sallama. Bai fi girman fasfo ba. Duk tafiyar da mutum ya yi akwai layinta: sunan jirgi, ranar da aka ɗauke shi da tashar da ya shiga, ranar da aka sallame shi, aikin da ya riƙe, da hatimin kyaftin mai shaidar halinsa. A nan na gano cewa Alhaji bai taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba, duk da mu a gida "matuƙi" muke ce masa. A ɗakin inji yake, can ƙasa inda ba a ganin rana, yana shafa wa inji mai da giris. Shi ya sa kunnensa na hagu ya mutu tun muna yara, mu kuwa muna ta tsammanin tsufa ne.

Sunayen jiragen su ne za su buɗe maka hanya, ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya ka bi su a intanet. Layukan farko a littafin Alhaji na kamfanin Elder Dempster ne, na birnin Libaful a Ingila, wanda ya daɗe yana riƙe da zirga-zirgar teku tsakanin Ingila da Afirka ta Yamma. Manyan jiragensu na fasinja su ne Accra da Apapa da Aureol, kuma hanyarsu sananniya ce: Libaful, Las Palmas, Firitawun, gaɓar Gana, sannan Apapa, tafiyar kusan mako biyu. Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a wannan hanya a 1974. Daga tsakiyar littafin sai sunayen suka koma na gida, domin a 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na Najeriya, aka sa wa jiragensa sunaye irin su Dan Fodio da King Jaja da El Kanemi da Oduduwa, daga baya kuma sunayen koguna. An rushe kamfanin a 1995. Da na karanta wa Baffa "Dan Fodio" sai ya yi shiru, can ya ce ai ya tuna, Alhaji yakan ce ya yi aiki a jirgin Shehu, su kuma suna ɗauka wasa yake yi. Idan naka kakan ɗan zangon Takoradi ne ko Tema, ka duba ko za ka ga jiragen Black Star Line, wanda gwamnatin Nkrumah ta kafa a 1957. Su ma yawancinsu sunayen kogunan Gana suke ɗauke da su, na farkonsu Volta River.

Takarda tana ba ka rana da wata, ba ta ba ka mutum. Mutumin yana bakin matarsa. A nan ne na yi babban kuskurena: na tunkari Hajiya da littafi da biro tun ba a yi sadakar bakwai ba, tana cikin takaba, na ce ta ba ni tarihin Alhaji. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan jarida ne?" Ta juya mini baya. Ka bari ƙura ta lafa. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, tana gida ba inda za ta, kuma bayan arba'in, lokacin da 'yan zaman makoki suka watse gidan ya yi tsit, ita da kanta za ta so mai zama kusa da ita.

Da na koma, ban ce tarihi ba. Na zo da goro da wasan jika. Ta ce, "Maigidana, yau me ka kawo wa amaryarka, ko hannu rabbana ka zo?" Na ce na kawo cefane, amma sai ta faɗa mini wa ya saya mata keken ɗinkin nan da ke lungu. Shi ke nan, bakin ya buɗe. Daga Libaful ya zo da shi, na hannu ne, ya ɗauko a kafaɗa daga bakin tasha har inda ya sami mota. Abin da na koya kenan: kada ka tambayi tsohuwa "wane irin mutum ne", za ta ce maka mutumin kirki ne, ta yi shiru. Ka tambaye ta abu mai kamawa a hannu. Wa ya sayo wannan agogon bango? Me yake fara ci in ya sauka? Wa ke ba ku kuɗin cefane in ya yi wata uku a ruwa? Kuma kada ka matsa ta faɗi sunansa, ba za ta faɗa ba, "Malam" za ta ce ko "shi". Ka nemi izininta kafin ka kunna rikodar waya, ka kife wayar a kan tabarma ka manta da ita.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, don haka ka riƙe 'yan ranaku a kanka. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, cikin azumi. Motoci sun koma bin hannun dama a 1972. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Cunkoson jiragen siminti da suka toshe tashar Legas, ɗaruruwansu suna jira a bakin teku, a 1975 ne. An kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976. Hajiya ta ce an haifi Goggo a azumin da aka kashe Sardauna kuma Malam ba ya gari. Na duba littafin sallama, na ga lallai yana kan ruwa a watan. Ta ce ya buɗe kanti "bayan canjin kuɗi, kafin Murtala", ka ga ta ba ni tsakanin shekara uku ba tare da ta ambaci lamba ko ɗaya ba.

Sannan ka nemi abokan aikinsa, yau, ba gobe ba. Ni mutum ɗaya na tarar da rai, wani dattijo Bayarabe a Ajegunle da suka yi ɗakin inji tare, Hausarsa tsaf, a bakin Alhaji ya koya. Shi ya faɗa mini yadda Alhaji ya zo Ikko: ya biyo jirgin ƙasa daga Kano da rakiyar shanu, ya tsaya dako a Apapa yana sauke buhunan gyaɗar da ake lodawa zuwa Turai, har wata rana aka rasa mutum ɗaya a ɗakin inji. Shi ya ba ni labarin yadda Alhaji yake hawa sama ya tambayi masu kamfas ina gabas kafin ya ta da salla, da azumin hunturu a Libaful inda rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, Alhaji yana cewa wannan ai azumin yara ne. Shi ne kuma ya warware mini inda jarin kanti ya fito. Albashi bai taka kara ya karya ba. 'Yan jirgi da ɗan kasuwancinsu suke tafiya, su kai gari da barkono da busasshen kifi wa 'yan Afirka mazauna can, su dawo da tsofaffin firji da rediyo da kekunan ɗinki da tayoyi su sayar a Legas. Wata biyar bayan zamanmu aka aiko mini dattijon ya rasu.

Yanzu kanti. Mutane suna ɗokin labarin teku su raina na kanti, ni kuwa a ganina rabin mutumin yana can. Ka nemi littafin bashi. Wannan ma ba don tarihi kaɗai ba, domin ba a raba gado sai an biya bashin da ake bin mamaci an zartar da wasiyyarsa, don haka dole magada su buɗe shi ko ba ka zo ba. Na Alhaji littattafai tara ne irin na 'yan makaranta, sunaye da ajami, lissafi da lambar boko: sukari mudu biyu, madara gwangwani uku, sabulu sanda ɗaya, kananzir kwalba. Kana bin shafukan kana ganin farashi yana hawa, kana ganin shekarar da ya daina sayar da kananzir, da lokacin da rubutun ya fara karkacewa don ido ya yi rauni, har inda hannun Kawu ya karɓa.

Wasu sunayen an zagaye su an ja layi a tsakiya. Kawu ya ce alamar an biya ce. Na kai wa Hajiya, ta ce a'a, wanda ya biya gicciye ake yi masa. Mai zagaye wanda Malam ya yafe ne, yakan zauna ya yi su a goman ƙarshe na azumi, ya hana a faɗa wa masu su. Na ƙirga, na daina ƙirgawa. Da mun bi maganar Kawu da ba abin da ya ɓaci a lissafi, amma da ba mu san wannan ba. Shi ya sa nake cewa duk alamar da ba ka gane ba, ka tambayi mutum biyu. Kuma sunan mai bashi amana ne: ka rufe shi da takarda kafin ka ɗauki hoton shafin, kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi, jikokinsu suna unguwar.

In ka zo rubutawa, ka rubuta da Hausar da aka ba ka labarin, kada ka gyara wa Hajiya magana ta koma ta rediyo. Ka faɗi wa ya faɗa maka me. Inda Baffa da Goggo suka saɓa, ka sa duka biyun ka wuce, ba alƙalanci aka ɗauke ka ba. Za ka ji abin da ba na rubutawa ba ne, kowane gida da nasa. An hore mu da ambaton alherin mamatanmu, kuma ba kai za ka buɗe abin da Allah ya rufe ba. Amma kada wannan ya sa ka wanke shi ya zama waliyyi. Alhaji mafaɗaci ne, yana auna sukari kamar zinariya, yaron da ya makara buɗe kanti bayan asuba ya san sauran. Na rubuta haka, kuma wajen da 'ya'yansa suka fi dariya da hawaye kenan da na karanta musu ranar Babbar Salla.

Nawa ya tashi shafi ashirin da shida. Na buga kwafi goma sha ɗaya, kowane ɗaki ɗaya, na tura hotuna da muryoyin ga mutum uku a garuruwa daban-daban, don waya tana faɗawa ruwa. Takardun asali suna wajen Baffa, cikin ambulan na takarda a akwatin, an ɗora shi a kan kabad saboda damshin Legas da gara. Kada ka ƙulle su a leda, gumi suke yi su yi fumfuna. Hoto ɗaya ne bai koma akwatin ba, wanda Alhaji yake tsaye a bakin jirgi da rigar sanyi da ta fi ƙarfinsa. Hajiya ta karɓa don ta gani, ta saka a ƙasan kwallarta ta rufe, ta ce in Baffa yana so ya zo ya tambaye ta da bakinsa.