Yadda na gyara hular 'yar tsana mai zamewa

Kwana uku ina fama da hular da nake saƙa wa 'yar tsanar jikata. Duk wadda na gama sai ta baje kamar faifai, ta ƙi zama a kai. Na zargi ulun, na koma kasuwar Dole na sayo wani mai laushi, bai yi ba. Na ƙara matse hannu, hular ta yi tauri kawai.

Ashe ƙarin ido (wato kowane ɗauri ɗaya na saƙa) nake yi a kowane zagaye har ƙasa, shi ya sa take bajewa. Na ɗauki ma'aunin tela na auna kewayen kan: santimita 16. Na raba da uku da ɗan ɗoriya, ya ba ni kusan 5, wato faɗin da tsakiyar hular za ta kai ke nan. Da kwarashi mai milimita 2 na fara da ido 6, kowane zagaye ina ƙara 6: 12, 18, 24, 30. Da faifan ya kai santimita 5 na daina ƙari gaba ɗaya, na yi zagaye 7 a ido 30. A na ƙarshe na rage ido 3 don bakin ya kama.

Ta zauna daram, Alhamdulillahi. Na gode wa Hajiyar maƙwabta da ta ara mini ƙaramin kwarashinta.