Yadda Ake Haɗa Jirgin Rimot Mai Fiffike Kusurwa Uku a Kuma Tashe Shi

Sana'ata gyaran waya da rediyo a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma samari sun dame ni da tambaya a kan ɗan jirgin da nake tayarwa a bayan gari. Ga bayanin a rubuce, don wanda kwalinsa ya iso ko yake shirin yin oda.

Jirgin da nake magana a kai ba shi da jela. Gaba ɗayansa fiffike ne guda mai kusurwa uku, hanci a gaba, faɗi a baya, irin ƙirar Concorde da ya fara tashi a 1969, ko Mirage na Faransa. Shi nake ba mai koyo shawara ya fara da shi, domin sassansa kaɗan ne, kuma yana shan faɗuwa ya tashi. A kwalin za ka tarar da ɓarin fiffike biyu na farin soso, ɗan'uwan wanda ake tare talabijin da shi a kwali amma ya fi shi juriya, da sandar kabon, da kunnuwa biyu masu tsayuwa a baya, da 'yan wayoyin ƙarfe. Sau da yawa kayan wuta daban ake sayensu: inji, farfela, ESC (na'urar da ke sarrafa gudun inji) mai amfiya 30, sarbo (ƙananan injinan da ke motsa leɓɓan fiffike) biyu masu nauyin giram 9, batirin LiPo mai sel uku, caja, sai rimot mai 2.4GHz da risibarsa, wato abin da ake sawa a cikin jirgi yana karɓar saƙon rimot. Rimot ɗin FlySky FS-i6 ya ishe ka. Darma, salatef da ƙananan sukurori kuwa ana samu a Farm Centre ko Sabon Gari idan ka shiga Kano.

Takardar da ke cikin kwalin ka bi ta sau da ƙafa, amma ka sani ba a rubuta ta don mutumin Jigawa ba. Wajen gam za ka fara gane haka. Za ta ce ka yi amfani da gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da bindiga. A watan Afrilu, zafinmu yana wuce digiri 40, kuma jirgin da aka bari a rana ko a cikin mota gam ɗinsa sakin jiki yake yi, inji ya karkace. Sufa gulu kuma yana cinye wasu nau'o'in soson, ka ɗiga ka ga rami. Ni efoksi mai kamawa cikin minti biyar nake sa wa mazaunin inji da sandar kabon, sauran wurare kuma gam ɗin soso irin UHU Por. Kowane gam ne, ka fara gwada shi a kan ɓarɓashin da ba ka buƙata.

Ka haɗa ɓarin biyu a kan abu mai shimfiɗa sosai, tebur ko daɓen siminti, kada ka yi a kan tabarma. Idan fiffike ya bushe a murɗe, har abada jirgin zai riƙa jan gefe guda. Ka cusa sandar kabon a raminta, ka manna kunnuwa a tsaye cak, ka shimfiɗa faffaɗan salatef a ciki da bakin fiffike saboda ƙasa za su riƙa gurza. Sama ka sa launi mai ƙarfi, ja ko ruwan lemo, ƙasa ka bar shi da wani launin daban. Wannan ba kwalliya ba ce. Farin jirgi a cikin hazon hunturu ɓacewa yake yi kana kallo, kuma sai da launi kake gane ko a kife yake.

Yanzu leɓɓa. A bayan kowane ɓari akwai leɓe guda mai motsi sama da ƙasa, kowanne da sarbonsa, kuma su biyun nan ne duk sitiyarin jirgin. A cikin rimot akwai wurin da aka rubuta Elevon, ka kunna shi, shi ne zai sa su yi aiki tare. Duk wannan gwajin ka yi shi ba farfela a jikin inji. Rimot ake fara kunnawa, sannan a jona batir. Wajen kashewa kuma batir ake fara cirewa.

Ka tsaya a bayan jirgin, hancinsa yana kallon gaba. Ja sandar dama ta rimot zuwa cikinka: leɓɓan biyu su ɗaga sama. Tura ta gaba: su sauka. Kai ta dama: leɓen dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Idan ɗaya ya saɓa, ka juya shi a rimot, ko ka musanya wayoyin sarbo biyun a risiba, ka sake gwadawa tun daga farko. Da ka saki sanda kuma, kada leɓɓan su kwanta daidai da fiffike, a bar su a ɗage kamar milimita 2 zuwa 3. Jirgi marar jela da wannan 'yar ɗagawar yake riƙe hancinsa. Inji kuwa idan yana juyawa baibai, cikin wayoyinsa uku ka musanya kowane biyu. Farfela a baya take, turawa take yi, don haka fuskarta mai rubutu ta kalli hancin jirgi.

Sai babban aikin, wato daidaita nauyi. Takarda za ta faɗi tazarar wani wuri daga hanci, da milimita. Auna da rula, ka ɗiga alama da biro a ƙarƙashin kowane ɓari. Sa batir da komai a mazauninsa, ka ɗora jirgin a kan 'yan yatsu biyu daidai kan alamun, a cikin ɗaki inda babu iska. Ya kamata ya tsaya a miƙe, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Idan baya ya rinjaya, matsar da batir gaba. Idan batir ya ƙure kuma bai daidaita ba, manna wosha ko ƙaramin noti a hanci. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana tashi, sai dai da gudu da taurin kai. Wanda bayansa ya yi nauyi kuwa ba ya jin magana: ya ɗaga kai, ya wuntsila, ya dawo ƙasa kafin ka taɓa komai. Santimita guda ta isa ta raba su. Idan ka samu daidai, zana layi a inda batir ya zauna, ka ɗaure shi tamau, don idan ya zame a sama aikin ya lalace.

Batirin nan yana son a yi hattara da shi. Cikarsa bolt 4.2 kowane sel, wato 12.6 gaba ɗaya, kuma kada ka sha shi ƙasa da 3.5 kowane sel. Caja irin iMAX B6 tana karɓar wuta daga batirin mota ko na sola, saboda haka rashin wutar NEPA ba hujja ba ne. Ni a cikin tsohuwar tukunyar ƙasa mai yashi a gindi nake caji, a tsakar gida, nesa da zana da rumbu. Wanda ya kumbura an gama da shi, kada ka huda shi, kada ka ba yara.

Kafin ka fita fili, ka je ka gaida mai unguwa da jirgin a hannunka. Zamani ne na tsoro, mutane suna jin labarin jirage marasa matuƙi a rediyo, kuma tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta ce tayar da irinsu sai da izini, don haka ka nemi sanin ƙa'idarta, kada kuma ka kusanci filin jirgin Dutse ko na Malam Aminu Kano, ko wurin jami'an tsaro. Namu mai unguwar sai da ya jujjuya shi, ya leƙa ramin batir, sannan ya ce, "Yaro, wannan abin naka ba ya ɗaukar hoton gidajen mutane?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ido ba shi da shi." Ya ce to, amma ban da saman gari, ban da kan dabbobi.

Fili mafi kyau shi ne na ƙwallon makarantar firamare ranar da babu karatu, ko gonar gyaɗa bayan an cire. Gonar gero da dawa ka guje ta ko da an yi girbi, kututturen kara yana farke soso kamar wuƙa. Duba wayar wuta, da dogayen bishiyoyi, da eriyar kamfanin waya. Lokaci kuwa bayan asuba da gari ya yi haske, ko dab da magariba. Da rana iska tana da hauka, ga guguwa, kuma iska mai zafi ba ta ɗaukar fiffike kamar mai sanyi. Yara za su zo, babu makawa. Ka sa babba guda ya tara su a bayanka.

Ɗebi ƙasa ka watsa ka ga inda iska ke tahowa, can za ka fuskanta. Tashin farko ka ba wani ya jefa, hannuwanka biyu su zauna a kan rimot. Ya riƙe bakin fiffike daga gefe, nesa da farfela, domin tana yanka yatsa har ƙashi. Ba da totur kamar kashi uku cikin huɗu, ya wurga shi gaba da ƙarfi, hanci a ɗan sama kaɗan. Kada ka yi saurin jan sanda. Bar shi ya samu gudu, sannan ka hau a hankali har ya wuce tsayin rimi sau biyu, ka rage totur zuwa rabi. A can sama ake koyo, inda kuskure ke da wurin gyara.

Juyawa mataki biyu ce: karkata shi gefe kaɗan, ka mayar da sanda tsakiya, sannan ka ɗan ja. Wannan ƙirar tana zubar da gudu sosai a kwana, saboda haka ka ƙara totur kafin ka shiga. Alherinta kuma, idan gudu ya ragu ba ta faɗowa farat ɗaya, sai ta ɗaga hanci tana nitsewa sannu a hankali, ka samu damar ƙara wuta. Abin da ke rikita kowa shi ne idan jirgin ya juyo yana tahowa wajenka, damarsa ta koma hagunka. Dabarar ita ce ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa, zai miƙe. Shirwa ma takan biyo shi. Kada ka yi tsere da ita, ka sauko ƙasa-ƙasa, za ta gaji ta tafi.

Sa agogo a minti biyar, ka fara shirin sauka tun da sauran wuta. Zagayo ka fuskanci iska, rage totur, bar shi yana gangarowa da kansa. Saura kamar tsayin mutum ka kashe inji gaba ɗaya don farfela ta tsira, ka ja sanda a hankali ya kwanta da ciki. Cire batir kafin yara su iso. A gida ka kaɗe yashin da ya shiga inji da tsohon buroshin haƙori, ka juya shi da hannu ka ji ko yana ƙaraf-ƙaraf, domin maganaɗisun ciki yana tara ƙurar ƙarfe. Batirin da ba za ka taɓa ba sai wani mako, ka sa caja ta mayar da shi bolt 3.8 kowane sel, ka ajiye shi a inuwa.