Zane mai faɗin tafin hannu: yadda nake yin kati in aika ta gidan waya

Rashin kuɗi ne ya koya mini wannan aiki. A shekarata ta biyu ina karatun zane-zane, babbar takarda ta gagare ni saye, sai na koma tsintar guntayen da 'yan ajinmu suke yankewa su zubar ƙarƙashin tebur. Guntun da bai wuce tafin hannu ba ba zai ɗauki kasuwa guda ba, amma yana ɗaukar butar shayi, ko hula zanna, ko akuya ɗaya tana tuƙa. Da suka cika gwangwanin madara, sai na ɗauki ɗaya na rubuta adireshin Gwaggona ta Zariya a bayansa, na kai gidan waya. Daga baya ne wani malaminmu ya gaya mini ai abin yana da tarihi: wani mai zane ɗan Amurka, Ray Johnson, ya shahara da aika wa mutane ƙananan ayyukansa ta gidan waya tun shekarun 1950 da 1960, har a 1970 aka baje kolin irin waɗannan wasiƙu a gidan adana zane na Whitney da ke New York. Ni kuwa ina ganin ni na ƙirƙiro.

A fara da takarda, domin nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Takardar fotokwafi giram 80 ce (nauyin murabba'in mita ɗaya ke nan, da shi ake gane kaurin takarda), da ta sha ruwa sai ta yi kumbo ta lanƙwashe. Wadda ake yi don kalar ruwa, mai giram 300, ita ce daidai, sai dai tana da tsada. Ni abin da nake yi shi ne in sayi takardar zane matsakaiciya a Kasuwar Gumi da ke nan Kaduna, in manne ta a kan kwalin sabulu ko na ganyen shayi, in danne da manyan littattafai ta kwana. Gam na kanti yana yi, amma kokon sitaci da aka dama da kauri ya fi shimfiɗuwa, kuma ba ya barin tabo. Girman da nake yanka shi ne milimita 105 a faɗi, 148 a tsawo, wato idan ka raba takardar A4 gida huɗu. Kada ka yi ƙasa da 90 da 140, domin abin da ya gaza haka sai an saka shi a ambulan. Ka yanka da reza da rula ta ƙarfe. Almakashi yana cin gefe, kuma a ƙaramin kati ko karkatar da ba ta kai ƙwayar gero ba ido yana kama ta.

Sai abin da za a zana. Shawarata ɗaya ce: abu ɗaya a kati ɗaya. Na taɓa zama a bakin kogi wajen lambun shaƙatawa na Gamji ina son in cusa gadar Lugard, da ruwa, da bishiyoyi, da yara masu wasa duk a kati guda. Abin da ya fito ya fi kama da miyar kuka. Da na koma washegari na zana ƙarafunan gefen gadar kawai, da tsuntsu ɗaya a kai, duk wanda ya san wurin ya gane shi. Kaduna cike take da irin waɗannan: kubbar Lugard Hall ita kaɗai ba tare da ginin ba, tarin takalma a ƙofar masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, hannun tela a kan keke a Kasuwar Barci, bayan Keke Napep da rubutun da ke jikinsa. Ka fara da fensir a hankali, ka bi da alƙalamin da tawadarsa ba ta narkewa a ruwa, sannan kala. Kafin ka amince da kowane alƙalami, ja layi a wani guntu, ka bari ya bushe, ka shafa masa jiƙaƙƙen yatsa. Biro baƙi na talaka yakan ci wannan jarrabawa, wasu masu tsada kuwa su faɗi.

Kala uku sun isa. Ni ma ba duka nake saya ba. Ganyen shayi da aka dafa sosai yana ba da ruwan ƙasa mai kyau don bangon laka. Kurkur yana ba da rawaya. Zoɓorodo shi ne mai ban mamaki: ja ne a kofi, amma idan ya hau takarda yakan juya ya koma shuɗi-shuɗi. Ka ɗiga masa lemun tsami ya tsaya a ja, ka sa ɗan ruwan kanwa ya karkata zuwa kore. Ka jiƙa ƙaro kaɗan ka zuba, kamar yadda masu haɗa tawadar allo suke yi, domin kalar ta kama takarda. Aibinsu ɗaya, rana tana cinye su. Katin da na yi wa Gwaggo da zoɓo ta liƙa shi kusa da taga, kafin wata uku furen da ke jiki ya zama kamar inuwa. Ta ce, "'Yar nan, furenki ya yi yaushi kamar na gaske." Yanzu nakan rubuta a baya cewa a ajiye cikin littafi.

Lokacin shekara ma yana da ruwa a ciki. Da hunturu kala tana bushewa tun burushi bai gama tafiya ba, don haka ka jiƙa takardar tukuna, ka yi aiki da sauri. Da damina kuwa sai ka jira ka gaji, kuma kada ka tara katuna a kan juna, za su manne.

Idan kana son alamarka, sayi magogin fensir babba ka sassaƙa shi da reza ya zama hatimi. Nawa dagin Arewa ne. Idan harafi za ka sa, ka tuna a juye ake sassaƙa shi, kamar yadda yake bayyana a madubi. Na ɓata magogi biyu kafin wannan ya zauna mini.

Bayan katin kuma na gidan waya ne, ka ba su haƙƙinsu. Ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Hagu na saƙo ne, dama na adireshi, kusurwar sama ta dama kuma ta kan sarki ce, kada ka yi mata ado ko kaɗan. Rubuta adireshi da manyan baƙaƙe, da lambar yanki. Ta cikin garin Kaduna da 800 take farawa. Idan mutumin yana da akwatin gidan waya, yi amfani da shi, ya fi "bayan gidan mai unguwa" saurin isa. Ka ƙara lambar wayarsa da izininsa, ka sa naka adireshin da ƙananan baƙaƙe a gefe. Fuskar zanen nakan goga mata farin kyandir sama-sama, in murza da tsumma, saboda yayyafi. Amma kada kyandir ya taɓa baya, domin kan sarki ba zai manne ba, hatiminsu ma ba zai hau ba.

Ni babban gidan waya na titin Yakubu Gowon nake zuwa. Ka miƙa a auna maka kafin ka liƙa komai, su za su faɗa maka kuɗin. Ka roƙi a ba ka kan sarki na gaske mai hoto, ka zaɓi wanda kalarsa ta dace da zanenka idan akwai zaɓi. Ran da na fara, dattijon da ke kanta ya juya katin gaba da baya ya ce, "'Yata, haka zai tafi tsirara, ba ambulan?" Na ce, "Haka nake so, Baba." Ya yi murmushi ya buga hatimi. Gaskiyarsa ne ta wani gefen: kati tsirara yana isa da datti da lanƙwasa a kusurwa. Ni ina son wannan, shaidar tafiya ce. Wanda ka sha wahalarsa sosai dai ka sa shi a ambulan, ka zana ambulan ɗin ma. Kuma ka ɗauki hotonsa da waya kafin ya bar hannunka, domin a al'adar masu wannan harka abin da aka aika ba a sayarwa, ba a kuma neman a dawo da shi.

Sai dai idan kai ka nema tun farko. Johnson yakan aika zane rabi, ya rubuta a ƙara wani abu a mayar masa. Na gwada da 'yar Gwaggo mai shekara 9. Na zana mata tukunya a kan murhu, babu wuta, babu komai a ciki. Bayan mako biyar katin ya dawo, ta sa wuta da jan biro, ta cika tukunyar da taliya, ta kuma zana kyanwa a gefe tana leƙe. Na ƙara wa kyanwar ludayi a hannu, ranar Litinin zan mayar.