Yadda ake zaɓen fitilar katako ta gida ba tare da an sare wata bishiya ba

Fitilun ado na katako sun fara shiga gidajen Sakkwato: wadda ake ratayawa a silin ɗin falo, wadda ake kafawa a bango, da 'yar ƙarama ta gefen gado da ake sa wa amarya cikin jere. Suna da kyau, haskensu ba ya kashe ido, kuma in sun tsufa ba sa zama tarkacen roba a bola. Sai dai kowane katako daga jikin bishiya ya fito, mu kuwa a bakin hamada muke zaune. Duk wanda ya bi hanyar Illela ko Gada ya ga yadda rairayi ke matso gonaki. Jiharmu na cikin jihohi 11 na Arewa da ake aikin katangar bishiyoyi, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Bai kamata a ce wasu na dasawa, mu kuma muna sa a sare domin adon falo ba.

Matakin farko, tun kafin ka je kasuwa, ka tsaya a ɗakin ka duba me ake yi a cikinsa. Katako tare haske yake yi, ba ya barin ya ratsa shi. Inda yara ke karatu da dare, da kicin, a nemi fitila mai buɗaɗɗen ƙasa wadda za ta zubo hasken kai tsaye. Fitila mai sassaƙa da 'yan huje-huje ta falo ce da ɗakin kwana. Tsakar gida kuwa a bar wa fitilar ƙarfe, don rana da ruwan sama ba sa raga wa itace.

Mataki na biyu shi ne zaɓen itacen, kuma nan ne nauyin maganar yake. Abin da na fi so ka fara nema shi ne wanda aka riga aka sare tun da daɗewa: tsohon ƙyaure, firam ɗin taga, gadon katako da ya karye, turmin da ya tsage, guntun azara daga gidan ƙasa da aka rushe. Irin wannan ya sha hunturu da bazara na shekaru, ya gama bushewa, ba zai sake murɗewa ba. Masassaƙi mai hannu zai rarake tsohon turmi ya huda gefensa, ya fito da fitilar ajiyewa a ƙasa wadda ba za ka samu irinta a kanti ba. Hattara ɗaya: tsohon fenti na iya ƙunsar gubar dalma, don haka a kankare shi a waje, mai aikin ya rufe hanci, yara su yi nisa.

In ba a samu tsoho ba, sai dogonyaro. Ya cika titunanmu da ƙofofin gidajenmu, ana rage masa rassa kafin iskar farkon damina, kuma yana sake tofowa bayan an datse shi. Cikinsa ja-ja ne mai kyau, gara ba ta cika sonsa ba. Reshe mai kaurin damtse, wanda da murhu za a kai shi, ya isa ƙafar fitilar tebur. Bayan shi akwai katakon da shuka shi ake yi a gandu domin a yanka, irin malaina da tik, da ake kawowa daga kudu. Idan ka je wurin 'yan katako, ka yi sallama ka tambaya kai tsaye: “Malam, iccen nan daga ina ya hito, kuma mene ne sunansa?” Mai sana'ar da ya san kayansa zai faɗa maka. In aka fara kame-kame, ka matsa gaba.

Akwai itatuwan da nake roƙo a ƙyale, komai kyawunsu. Madobiya ta sha sara a Taraba da wasu sassan ƙasar nan ana kai ta Sin, har yarjejeniyar CITES mai kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa ta sa ta cikin waɗanda aka taƙaita cinikinsu daga 2017. Maɗaci ma ya shiga jerin a taron yarjejeniyar da aka yi a Panama a 2022. Ƙirya masu gawayi sun rage ta ƙwarai, kuma jinkirin girma gare ta. Gawo kuwa abokin manomi ne: da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Sare shi don fitila asara ce. Giginya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, shi ya sa na ce tsohuwa kawai.

Fitilar da aka shigo da ita daga waje, duba kwalinta ko akwai tambarin FSC, shaidar cewa dajin da aka yanko katakon ana kula da shi. Ka kuma juya ta ka dubi inda aka yanka. Yawancin masu arha garin katako ne aka matse da gam aka liƙa masa takarda mai zanen itace. Da ya sha danshi sai ya kumbura. Katakon falet da ake ɗora kaya a kai yana da amfani, amma a karanta hatiminsa: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuma da hayaƙin magani mai guba, wannan ba na ɗakin yara ba ne. Kada kuma a manta da ƙwarya. Duk shekara ake shuka duma, kuma ƙwaryar da aka huda wa zane ta fi katako sauƙin ratayawa.

Na uku, tabbatar ya bushe. Ƙwanƙwasa guda biyu: busasshe ƙara yake yi ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa dum. In sabon reshe ne, a ɓare ɓawon, a shafa kakin zuma a bakunansa biyu, a jingine shi a inuwa wasu watanni. Kar a shanya shi a ranar Afrilu, tsagewa zai yi. Duba jikinsa da kyau. In ka ga 'yan ƙananan ramuka, gari na zubowa kamar tankaɗaɗɗen dawa, akwai ƙwaro a ciki, ajiye shi.

Na huɗu, ƙwan fitila da waya, wanda a nan ne lafiyar iyali take. Ƙwan LED kaɗai za a sa. Tsohon ƙwai mai wat 60 kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, alhali LED mai wat 9 na ba da haske kusan ɗaya da shi, wajen lumen 800 a ma'aunin haske. Ga mai sola ko injin, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A kwalin za ka ga lamba: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ruwan ɗorawa da ke fito da launin katako, 6500K kuma fari ne fat. Duk da haka LED ma yana ɗumi a gindinsa, kuma a garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, in aka kulle shi cikin akwatin da ba iska, da wuri zai mutu. Ka ce wa kafinta ya bar kafa sama da ƙasa, ya kuma bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin ƙwai da katako. Mazaunin ƙwan ya zama irin na kowa, mai murɗawa ko mai fil, wanda za ka samu a kowane shago; fitilar da aka manne hasken a jikinta, ranar da ya mutu duka za a yar. In ƙwayayen gidan na batir ne masu bolt 12, a faɗa wa mai haɗawa tun farko. Wayar ta zama ta tagulla ta gaske, a sa roba a ramin da take ratsa katakon don kada ya ci ta, kuma mai gyaran wuta ya haɗa, ba kafinta ba. Arha ba ta ado, balle a kan wuta. Kyandir ko aci-balbal kuwa kada su kusanci irin wannan fitila ko da wasa.

Na biyar, shafi. Wasu kafintoci kan shafa baƙin mai a katakon rufi saboda gara. Kada ka yarda a yi wa fitila haka, da ta ɗumama warin zai cika ɗaki. A goge ta da samfefa, a narka kakin zuma a shafa, a murje da tsumma. In banish za a sa, a bar ta ta sha iska a waje har warin ya tafi.

Kafin a rataya, kunna ta awa guda ka ɗora tafin hannu a kai. Ɗan ɗumi ba komai. In ba ka iya barin hannunka, a faɗaɗa ta. A rataya ta sama da mita 2 daga ƙasa, a kan ƙugiyar da ta kama rodi ko katakon rufi, ba allon silin kawai ba, kuma nesa da fankar sama, don fukafukanta na yanka haske ya riƙa ƙyaftawa. Ta tebur a ɓoye wayarta bayan kujera inda mai rarrafe ba zai jawo ba.

Da hunturu a riƙa kaɗe ƙura da busasshen tsumma bayan an kashe wuta, a ƙara kaki sau ɗaya a shekara. 'Yar siririyar tsaga a lokacin sanyi ba abin damuwa ba ce, takan haɗe da damina ta kama. Ta bango kuma a riƙa leƙa bayanta: da an ga hanyar ƙasa da gara ta gina ta nufo ta, a sauke fitilar, a kankare hanyar, a yi maganin bangon kafin a mayar.