Yadda ake duba log a sabar Linux idan ta fara matsala

Da farko shiga /var/log, nan Linux ke ajiye log, wato rahoton abin da ya faru. A Ubuntu fayil ɗin syslog za ka nema, a Red Hat kuwa messages.

Rubuta tail -f /var/log/syslog, ka zuba ido, sababbin layuka za su riƙa shigowa. Kada ka ce sai ka karanta duka, ba za ka gama ba. Tace da grep -i error, wanda zai nuna layukan da ke da kalmar error kawai, sannan ka duba lokacin kowane layi. Sau da yawa kuskuren farko shi ne tushe, sauran galibi 'yan rakiya ne.

In faifai ya cika, journalctl --vacuum-time=7d zai share log ɗin systemd (manhajar da ke kula da ayyukan sabar) da ya haura kwana 7. Sauran fayilolin ka bar wa logrotate, manhajar da ke rage tsofaffin log da kanta.