Yadda mai keken guragu zai shirya hawa jirgin ƙasa daga Kano

Layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma taragun da ke bin wannan tsohon layi suna da ƙunƙuntar ƙofa da matakala mai tsayi, domin ba a yi la'akari da mai keke ba sa'ad da aka ƙera su. Saboda haka wahalar tafiyar duk ta taru a 'yar tazarar da ke tsakanin dandamali da ƙofar tarago, kuma a kanta ya kamata shiri ya fi ƙarfi.

Kafin ranar tafiya, matafiyi ya je tasha da kansa ko ya aika ɗan'uwansa, a ga shugaban tasha, a tabbatar da ranar tashin jirgi, a kuma nemi a ware masa kujera kusa da ƙofa. Ya kamata a auna faɗin keken tun daga gida, daga taya zuwa taya, a gwada shi da faɗin ƙofar. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda ya fi yawa a titunan Kano, yana da tsawo kuma ba ya naɗuwa, don haka sai dai a nemi a sa shi a wurin kaya. Wanda ya sami aron keke mai naɗuwa ya rage wa kansa wahala ƙwarai.

Kada kunya ta hana mutum neman wannan taimako. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su fifiko a layi, ta kuma wajabta gyara gine-ginen jama'a cikin shekara biyar. Haƙƙinsa yake nema.

Wajen hawa ne ake yawan samun rauni, kuma sau da yawa masu son taimako ne suke jawo shi da gaggawarsu. Mutum biyu sun isa, ɗaya a baya riƙe da hannayen turawa, ɗaya a gaba riƙe da ƙarfen jikin keken. Kada a kama madogarar hannu ko wurin ɗora ƙafa, domin a kekuna da yawa suna zarewa, sai mutum ya kifa. A karkata keken kaɗan a kan manyan tayoyinsa, a hau da baya, mataki bayan mataki. Mai keken shi zai ba da umarni, shi zai ce “ku ɗaga” ko “ku dakata”, tunda ya fi kowa sanin inda jikinsa yake ciwo. Idan mace ce, gara a shirya tun daga gida wanda zai ɗauke ta, muharrami ko 'yan'uwa mata. Da an shiga, a danne birki, sannan a rage shan ruwa idan tafiyar gajera ce, saboda ƙofar banɗakin tarago matsattsiya ce.

Mai zuwa Abuja zai hau mota zuwa Rigasa a Kaduna, inda jirgin zamani da aka ƙaddamar a 2016 yake tashi zuwa Kubwa da Idu; ana sayen tikitinsa ta intanet da lambar NIN. Ko a wane jirgi ne, a sanar da mai duba tikiti tashar da za a sauka, a kuma kira mai tarba tun jirgi bai iso ba, ya tsaya daidai ƙofar taragon, domin a ƙananan tashoshi jirgi ba ya daɗewa.